Tuffan Gefen Hagu

Litinin, 2 ga Oktoba
Yau ma an dawo da akwati daga layina, har da ruɓaɓɓun tuffa biyar a ciki. Shekara ashirin da uku ina tsintar tuffa a kan bel ɗin injin kamfani a nan garin Yakima, ba a taɓa yi mini haka ba. Ofelia da ke tsaye a haguna ta ce, “Herminia, saurayi kika yi ne? Hankalinki ba ya nan.” Na ce ta ji da kanta. Amma wallahi ban ga wucewarsu ba.

Laraba, 4 ga Oktoba
Na buga kafaɗa da ƙofar kicin. Hagun dai.

Asabar, 7 ga Oktoba
Na dafa furen mansaniya, wanda muke shayi da shi, ya huce, na wanke idona kamar yadda Mama take yi can ƙasarmu, a Michoacán. Na kuma sayo tabarau a kasuwar gwanjo. Rubutu ya fito tas, amma da na rufe idon dama sai na ga kamar ta cikin bututu nake leƙen duniya. Ban gaya wa kowa ba.

Mama ma da mansaniyar ta yi ta fama har ta daina gane mu sai ta murya. Shekarunta sittin da ɗaya a lokacin. Ni sittin da biyu.

Alhamis, 12 ga Oktoba
Na kama Ofelia. Ashe mako biyu ke nan tana miƙo hannu ɓangarena tana kwashe waɗanda suka wuce ni. Na yi mata tatas a gaban mutane. Sai da muka zauna cin abinci ta turo mini tortilla, gurasarmu ta masara, ta ce, “Komadre, ƙawata, ni hannu biyu gare ni, ba huɗu ba. Ki je a duba ki.” Kunya ta ishe ni. In shugaban aiki ya gane, wa zai ɗauki mai tsinta marar ido?

Lahadi, 15 ga Oktoba
Darlene maƙwabciyata, Baturiyar nan mai kyanwa uku, ta gan ni ina ɗiga mansaniya a baranda. Wato ta ji ƙamshin, don gani kam ba ta yi sosai. Ta ce, “Shayi a ciki ake zuba shi, Minnie, ba a ido ba.” Na tsani wannan Minnie ɗin. Ita tsakiyar ganinta ce ta tafi, sai ta karkata kai take kallon mutum, kamar kaza. Wai a danginsu haka tsufa yake zuwa. Da can dariya nake mata a ɓoye. Yau ban yi ba.

Juma’a, 20 ga Oktoba
Asibiti. An sa ni leƙa wata na’ura, in danna duk lokacin da haske ya ƙyafta. Na daɗe zaune ban danna komai ba. Hawan jinin ido. Likita ya tambaya ko akwai shi a gidanmu, ya ce yana yawan kama mutanenmu, kuma ba ya ciwo, a hankali yake ci daga gefe. Abin da ya tafi ya tafi. Sauran kuwa maganin ɗigawa zai iya riƙe shi, in ban yi wasa ba.

Na ce, “Da mahaifiyata ta sami wannan fa?” Sai kawai ya gyara takardunsa.

Tsoro nake ji. Na rubuta dai, ko zai ragu.

Alhamis, 2 ga Nuwamba
Ranar Matattu, ranar da muke tuna mamatanmu. Na jera wa Mama furanni da burodi a gaban hotonta, na ajiye mata sauran mansaniyar. Sai ta sha shi a matsayin shayi.

Jiya na gaya wa shugaban aiki da bakina. Ya mayar da ni ƙarshen bel ta hagu, inda komai zai biyo ta damana. Zuwa yaushe, bai ce ba, ni ma ban tambaya ba.

Da yamma na raka Darlene kanti. Ni na karanta mata kwalaye, ita ta hango keken da ya taho ta gefena, ta ja ni baya. Har gida ba ta saki hannuna ba. Ita ce ke buƙata, ba ni ba. Na dai bar ta ta tsaya ta hagu.