Tsayin Goɗiyar Baba

Longreach, Laraba. Aikin farko yau: duba famfon ruwan shanu. Na duba sau biyu.

Yaya Fergus,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kuna lafiya. Allah ya sa sanyin Kanada bai taɓa muku ƙirji ba. Mu nan lafiya lau, an ɗan samu ruwa, ciyawa ta fara tsirowa.

Batun Baba ne. Tun da ɓarin jikinsa ya shanye magana ta ɗauke, kuma likita ya ce in wata ya ƙare bai iya faɗin abin da yake buƙata ba, sai gidan tsofaffi a cikin gari. Malama Priya, mai koya masa magana, ta ba mu aiki: kowane mako kalma ɗaya, mu tara duk inda ake amfani da ita. Wannan makon "hannu" ce. Na rubuta a littafina cewa ma'aikacin gona hannu muke ce masa, kartar da aka raba maka ma hannu ce, har agogo yana da nasa. Ina karanta masa, yana kallon taga. Har na fara zargin muryata ce ke gundurarsa.

Jiya na tuna cewa da hannu ake auna tsayin doki, inci huɗu kowanne. Na tura shi a kekensa na marasa lafiya zuwa bakin shinge, na kamo goɗiyarsa, na auna daga kofato har kunne, na ce hannu sha tara. Yaya, sai mutumin nan ya buga sandarsa a ƙasa, ya ce wai raƙumi nake aunawa? A kafaɗa ake tsayawa, sakarya, sha biyar ce tun ranar da ya saye ta! Bakin a karkace, amma kowace kalma ta fito. Gwaggo Merle ta leƙo daga kicin, ta ce wata huɗu tana addu'a, ashe zagi ne zai fara dawowa. Ban taɓa jin daɗin zagi haka ba. Ko wannan zai ishi likita, ban sani ba, amma yau da safe ya ce shayina ruwa ne tsalla.

Ka gaishe min da matarka Moira, da yara, Isla da Hamish. Baba ya ga hotonka, ya ce ka yi aski.

Ƙanwarka,
Bronwyn

Na gobe, kada in manta:
gyara ƙofar shinge
buga wa Malama Priya waya
kwashe kayan Baba daga akwatin da na shirya masa don tafiya gidan tsofaffi