Bikon Tukunya

Zongo, Kwatano
Ranar Laraba

Zuwa ga surukina Malam Karimou, a Godomey,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Hajiya Assétou da dukan iyali. Ban kira ka a waya ba, domin magana mai nauyi ba a jefa ta cikin iska. Na ba Rachidi direbana wannan takarda ya kawo maka hannu da hannu.

Ka san gidana tun kafin ka ba ɗana Abdulmalik 'yarka Labiba. Gidan fatoma ne: fatake su sauko daga arewa, mu ba su masauki, mu sayar musu da hajarsu, mu ciyar da su. Kakana ya kafa shi a kan haka. Daga Malanville har bakin teku, duk mai kawo albasa ya san tukunyar gidan nan ba ta sauka daga murhu, kuma ba a tambayar baƙo ranar tafiyarsa.

Shekaranjiya, mun idar da sallar azahar, zaure cike da baƙi muna jiran akushi, sai ƙauri ya riga abinci isowa. Aka leƙa cikin gida aka tarar tuwo ya ƙone, muciya a yashe a ƙasa. An ce an ga Labiba a bakin titi da goyo, ta tare ɗan zem mai haya da babur ta hau, ko mayafi babu. Wani bafatake daga Kandi ya dube ni yana dariya ya ce, "Alhaji, azumi aka ɗauka yau ba a gaya mana ba?" Tun da nake ba a taɓa yi mini irin wannan tambaya a zaurena ba.

Na titsiye Abdulmalik, ya rantse bai zage ta ba, bai taɓa ta ba. Maƙwabta suka ce ta daɗe tana cewa ta gaji. Gajiya! Yaushe gajiya ta shiga jerin cututtuka? Marigayiya matata, Hajiya Ummu Salama, a kan duwatsu uku ta ciyar da wannan zaure, da ruwan rijiya da itace ɗanye, ban taɓa jin ta ce wash ba. Matan yanzu ga famfo, ga injin niƙa, ga waya a hannu, amma su ne masu gajiya.

Yaji dai abu ne sananne, mu ma mun san yadda ake biko. Ka yi mata faɗa irin na uba, ka shirya ta. Sauran 'ya'yanta huɗu suna nan, baƙi kuma ba su daina zuwa ba.

Allah ya bar zumunci.

Naka,
Alhaji Abdulƙahar

*

Godomey
Ranar Juma'a

Zuwa ga Alhaji Abdulƙahar, babban fatoman Zongo,

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Takardarka ta iso, na karanta ta a tsanake. Na sami labarin tuwo, da muciya, da bafataken Kandi. Na duba gaba da baya ko zan ga inda ka tambayi lafiyar yarinyar, ban gani ba. Wataƙila tawada ce ta ƙare. Zan ba ka amsar duk da haka.

Ta iso mana da zanen girki a jikinta. Ta yi sallama, ta kwanta a tabarmar uwarta, ba ta farka ba sai washegari. Da ta buɗe ido abin da ta fara cewa shi ne, "An kwashe tuwon?" Sai ta fashe da kuka. Uwarta ta ce, "Wa ya taɓa ki?" Ta ce, "Ba kowa, Inna. Ina cikin tuƙi yaron nan ya yi kuka a bayana, na buɗe baki in rarrashe shi, sai na nemi sunansa na rasa. Ɗana, Inna, na cikina. Na tsaya ina lalube, sunan bai zo ba." Sunansa Kamarou, in kai ma ya shige maka.

Mun kai ta wurin likita. Ya ce tansiyo ya hau, wato hawan jini, ga ƙarancin jini, jiki kuma an ci shi har ƙashi. Ya tambaye ni ko a por, tashar jiragen ruwa, take dako. Na ce a'a, matar aure ce a babban gida.

Ka ce akwai famfo. Gaskiya ne. Famfo ba ya wanke kwanukan mutum ashirin, ba ya zuwa kasuwa, ba ya shanya rigunan direbobi a wannan damina da ruwa ke kwana a tsakar gidajen Zongo. Ita ke dama koko kafin baƙinka su miƙe, ita ke shirya yara lakwal su je karatu, ita ke tuwon rana da na dare, ita ke jinyar duk wanda zazzaɓi ya kayar a zaurenka.

Ka kawo maganar Hajiya Ummu Salama, Allah ya jiƙanta. Ni ma na san ta. Na kuma san a zamaninta matan ƙannenka uku suna cikin gidan, ga 'yan riƙo da ake kawo muku daga Djougou. Ƙannenka sun yi gini sun tashi da matansu, 'yan riƙo sun tafi makaranta. Hannaye sun watse, tukunya tana nan yadda kakanka ya bar ta. Duk da waɗancan hannaye, Hajiya ba ta ga auren ɗanta na fari ba. Ka ce ba ka taɓa jin ta ce wash ba. Na yarda. Daga zaure zuwa madafa akwai nisa.

Labiba ba yaji ta yi ba. Mai yaji fushi take yi, ita kuwa ko ƙarfin fushi ba ta da shi. Za ta zauna a nan sai likita ya sallame ta.

Ka gaida baƙi, ka ba su haƙurin azumin da suka yi.

Wassalam,
Karimou

*

Kwatano
Ranar Talata

Baba,

Ina gaisuwa tare da girmamawa, ina gaida Inna. Na kira wayar Labiba ba ta shiga, an ce kai ka kashe ta. Alhaji kuma ya ce in rubuto, shi ya sa.

Baba, wallahi ni ban san abin ya kai haka ba. Ina fita tun da safe zuwa buro, ofishinmu, aikin tiranzit na fito da kaya daga por ka san shi, in jirgi ya sauke motoci ba ka da lokacin kanka. In na dawo in tarar da abinci a rufe, riga a goge, sai in ɗauka komai lafiya. Takan ce bayanta na ciwo, ni kuma in biya farmasi in sayo mata magani. Ban taɓa hana ta komai ba.

Ga kayan biko nan Rachidi ya kawo: turmin atamfa biyu, turare, goro na Inna. Sannan na yi tunani sosai a kan abin da ke wahal da ita. Na lura tukunyarmu ta yi ƙanƙanta, sai ta yi girki biyu kafin abinci ya ishi zaure. Saboda haka na je kasuwar Dantokpa da kaina na sa aka zuba mata sabuwa, babba, wadda za ta ɗauke duka a tashi ɗaya. Mai sayarwar ma cewa ta yi, "Alhaji, biki za a yi?" Na ce a'a, madam zan faranta wa rai. Na aiko da ita don ta gani da idonta, ta san ana tunaninta.

Yara suna ta tambaya. Don Allah Baba a sa baki.

Ɗanka,
Abdulmalik

*

Godomey
Ranar Laraba

Zuwa ga Abdulmalik,

Bayan sallama, saƙonka ya iso. Sai da maza biyu suka kama kafin a sauke tukunyar daga mota. Matan unguwa sun fito kallo, wata ta tambayi Assétou ko gidan abinci za mu buɗe.

Na koyar da yara shekaru masu yawa, na ga amsoshi iri-iri a kan allo, amma ban taɓa ganin wanda aka ce masa jaki ya faɗi saboda kaya, ya tafi ya ɗinko babban mangala ba. Ka ce ka yi tunani sosai. Abin da ya fi ba ni tsoro ke nan.

Ban so Labiba ta gani ba, amma ta fito alwala ta gan ta a tsakar gida. Ta zagaya ta, ta leƙa ciki, ta ce, "Ko ni zan shige." Ta yi dariya, dariyar da na fi son kuka a kanta. Abincin rana bai shiga cikinta ba.

Ka ce kana tarar da riga a goge. Aljanu ba sa guga, ɗana. Ka auri mace, ka miƙa ta ga zauren mahaifinka kamar yadda ake miƙa tabarma, ka tafi buro. Ba ka zage ta ba, ba ka doke ta ba, na ji. Ba ka kuma dube ta ba.

Goro mun karɓa, don ba a mayar da goro. Atamfa da turare da tukunya suna bayan motar Rachidi. In kana son ganin matarka, hanyar Godomey ba ta ɓace ba; ka zo da ƙafarka, hannu wofi, ka zauna ka ji abin da za ta ce.

Allah ya yi maka albarka, ya ƙara maka ido.

Karimou

*

Zongo, Kwatano
Ranar Lahadi

Zuwa ga Malam Karimou,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, na ga kayan bikon da ka dawo da su, Zongo ma duk ta gani. A inda muka taso, wanda ya mayar da biko ya san abin da ya faɗa. Amma ku da kuka yi lakwal kuna da naku littafin, ba zan yi jayayya da kai ba. Maganar marigayiya kuwa, na bar ka da Allah.

Abdulmalik ya so zuwa, ni na hana. Namiji ba ya zarya a ƙofar surukai kamar mai neman aiki.

Don kada ka zaci gidana ya durƙushe, ga yadda muke. Na ɗauko mata biyu daga Placodji su riƙa girki. Ba su yi nisa ba suka ajiye, wai aikin na mutum huɗu ne. Ragwaye. Na koma sayo abinci a Jonquet, baƙi suka gane daga lomar farko, wasu fataken albasa har suka kwashe buhunansu suka koma gidan wani fatoma, yaron da aka haifa a gabana. Gidan da ke ciyar da baƙo da abincin kasuwa ya zama otel, ni kuwa ban gaji otel ba.

Allah da ikonsa, sai ga mafita a cikin gida. Jikarmu Malika, babbar 'yar Labiba, ta kai shekara goma sha biyu, kuma jinin Hajiya ne a jikinta. Na dakatar da ita daga lakwal. Malamarsu ta zo har zaure tana surutu wai jarrabawar fita firamare ta kusa, na ce mata takarda ba ta tuƙa tuwo. Yarinyar tana hawa kan turmi kafin ta kai bakin tukunya, ta ɗan ƙone a hannu ranar farko, amma tana koyo. Jiya baƙi suka ci har suka sa albarka, kuma ban ji ta ce ta gaji ba.

Saboda haka 'yarka ta huta iya son ranta. Gidan fatoma ba ya jiran kowa.

Wassalam,
Alhaji Abdulƙahar

*

Godomey
Ranar Litinin

Alhaji,

Wa alaikumus salam. Na so in ɓoye wa Labiba takardarka, amma ba a ɓoye wa uwa labarin 'yarta. Na karanta mata. Ba ta yi kuka ba. Ta tashi ta fara ninke kayan Kamarou.

Likita bai sallame ta ba. Na hana, uwarta ta riƙe mata zane, Labiba ta ce, "Inna, sake ni. Tukunyar gidan nan sai ta ci mace. Gara ta ƙarasa wadda ta fara."

Gobe da safe zan kawo ta da kaina. Sharaɗinta ɗaya ne, kuma nawa ne: motar da ta sauke Labiba ita za ta ɗauko Malika, da kayan makarantarta. Ina neman riƙon jikata, kuma kai da ka san al'ada ka san ba a hana kaka riƙo. In ka hana, da uwar zan juyo, kuma a gaban baƙinka zan faɗi dalili.

Kada a gaya wa mutanen Zongo cewa biko ne ya dawo da ita. Ka yi nasara, Alhaji. Baƙinka za su ci da zafi.

Allah ya saka wa kowa gwargwadon aikinsa.

Karimou