Ranar da Aka Tafa Mini a Aji

Inna,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kuna lafiya. Yaya ƙafar Baba? A shafa mini kan Auta.

Ni lafiya lau, kada ki sa komai a ranki. Ɗakin ne dai ya yi mana kaɗan. Mu shida ne, bokiti ɗaya, igiyar shanya ta ratsa ta kan katifu. In mun dawo daga wanke-wanken otal, kowa zubewa take yi.

Kin tambayi ajin Turancin da nake zuwa da yamma. Shekaranjiya malama ta kawo darasi kan kalmomin ƙazanta, hargitsi da hayaniya. Inna, ni da ban taɓa ɗaga hannu ba, ranar ko ɗaya ba ta kuɓuce mini ba. Na san ta wari, na san ta kayan da aka watsar, har ta mutanen da ke hana maƙwabta sakat. Ta sa aka tafa mini, sannan ta ce, "A ina kika koyi duk waɗannan?"

Na sunkuyar da kai, na ce a talabijin.

A bakin matar da ta ba mu haya na koye su. Kullum da safe takan tsaya a ƙofarmu, ta toshe hanci, ta jero mana su. Ni 'yarki, wadda ba ki taɓa bari ta kwanta da kwano ba a wanke ba.

Auta ya ce in aiko masa da Turanci. Ki ba shi haƙuri, wanda na iya zuwa yanzu ba na shiga gidanki ba ne.

A sa ni a addu'a.

'Yarki