Kofunan da Nake Yarwa da Safe

Yako,
Ranar Laraba.

Zuwa ga Innata abar ƙaunata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kina cikin ƙoshin lafiya. Yaya ƙafar taki? Yaya Baba da aikin gona, yaya ƙanwata Ummulkhairi da mutanen Badafi duka? Mu nan sai godiya, maigidana Malam Uzairu yana gaishe ku. Saƙonki ya iso ni ta bakin Gwaggo Dije. Na zaɓi in amsa a takarda, domin a waya da zarar na ji muryarki sai bakina ya mutu.

Inna, wata bakwai ke nan da ranar da na faɗi a wurin injin niƙa. Abin da nake tunawa, ina riƙe da ƙwaryar masara, sai kawai na farka a ƙasa, zanena a jiƙe, haƙorina na gaba ya gutsure saboda cokalin da wani ya cusa mini a baki. Mata sun ja da baya sun zagaye ni, kowace ta rufe hanci da mayafi kada ta ɗauka. Matan da muke zuwa kitso tare fa. Da aka ɗauke ni, mai injin ya barbaɗa toka a inda na kwanta.

A littattafan da nake karantawa, idan yarinya ta suma ana yayyafa mata ruwa, ta buɗe ido a hankali, har ta ƙara kyau. Ban taɓa karanta wadda ta tashi da fitsari a zane ba.

Bayan faɗuwa ta uku Malam Uzairu ya kai ni asibiti a Kano, muka dace da likitoci masu bincike kan ire-iren farfaɗiya. I, farfaɗiya. Ga shi na rubuta sunanta, takardar ba ta ƙone ba. Suka sa na tsefe kaina, suka liƙa mini wayoyi, suna haska mini fitila mai ƙiftawa, na'ura tana zana abin da ƙwaƙwalwata ke yi. Sai likitar, wata mace mai sanyin murya, ta tambaye ni ko nakan yar da abu da safe. Inna, kuka ya ƙwace mini. Kofunan tangaran shida kika jera mini, biyu suka rage. Ta kuma tambaya ko nakan ɗauke na ɗan lokaci ana yi mini magana. Shekara nawa kina yi mini faɗa kan haka, kina cewa littattafai sun tafi da hankalina? Har guda biyu kika jefa a murhu. Ashe fizgar hannun nan, da ɗaukewar, da faɗuwar, duk ciwo ɗaya ne, kuma yana da magani. Ta ce ba a ɗaukarsa ta yawu, ba a kuma sa cokali. A kwantar da mutum ta gefe kawai a tsaya kusa da shi.

Na yarda na shiga bincikensu da sa hannuna. Ina shan ƙwayata safe da yamma, ina zuwa duk wata, sun ba ni littafi ina rubuta kowace fizga da lokacinta. Na daɗe ina mafarkin rubuta littafi, to ga shi, na farkon ke nan, kuma likitar ta ce babu mai tsara nasa kamar ni. Wata huɗu ban faɗi ba.

Yanzu kin aiko in daina zuwa asibitin sai bayan bikin Ummulkhairi, domin dangin Dikko, mai neman aurenta, sun fara binciken asalinmu. Kin ce idan sun zo Yako in ce jirin ciki ne, ko iska ce ta buge ni aka yi mini ruƙiyya ta wuce. Ban taɓa musa miki ba tun da na yi wayo, amma wannan karon ki gafarce ni, ba zan yi ba. A can nake karɓar magani. Idan na daina, wa ya san inda zan faɗi, gaban murhu ko bakin rijiya?

Da likitocin suka tambayi tarihin danginmu na ce babu mai irin ciwon. A mota muna dawowa sai na tuna ƙaninki, Kawu Mudi, da aka tsinta a ƙoramar bayan gari cikin ruwan da bai kai gwiwa ba, aka ce mutanen ruwa ne suka ja shi. Ba na tuhumarki, Inna. Kin ɓoye ne don ki rufa mana asiri, na sani. Amma ɓoyon bai tsamo shi ba.

Na kuma san wadda take karanta miki wannan wasiƙa. Ummulkhairi, kada ki tsallake wannan layin, ki karanta shi da ƙarfi yadda yake. Da sallar da ta wuce na ga kokon da ya zube miki safiya biyu a jere, na ga yadda kika ɓoye hannunki a hijabi. Wataƙila ba komai ba ne, na'urar ce za ta faɗa. Idan Dikko zai gudu saboda wannan, gara ya gudu tun kina ɗakin Inna. Malam Uzairu ya ga nawa da idonsa, har yau kofi ɗaya muke sha.

Ki gaishe da Baba da kyau, ki sa mini albarka ko da ranki a ɓace. Allah ya ƙara miki lafiya da nisan kwana.

Idan dangin Dikko sun tambaye ni, zan gaya musu sunan ciwona. Ranar Talata kuma zan shiga motar farko zuwa Kano, zan ce wa direba ya ajiye kujera biyu, tawa da ta Ummulkhairi.

Taki har kullum,
Fiddausi.