Yadda Na Auna Yunus

Hindawiyya, Makka
Zulƙida, 1386

Zuwa ga ƙanwata Ɗaso,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kina lafiya, ke da maƙwabta, da Malama Ramlatu mai karanta miki wannan takarda. Yaya ƙafar taki da sanyin Madina? In kin shiga Rauda ki isar min da sallama wurin Ma'aiki, tsira da aminci su tabbata a gare shi. Mu nan lafiya lau, sai gwiwa, ita kuwa ta zama abokiyar zama.

Shekarun baya wani direba da ya yi aiki da Amurkawan man fetur a Zaharan ya ba mu labari a gahawar Isa, inda muke shan shayi, wai a Amurka ƙarti masu gemu suna kifa kwano a ka, su cusa matashi a kafaɗa, su yi ta karo kamar raguna a kan wata ƙwallo da ko zagaye ba ta yi ba, kuma wai a biya su fiye da alƙali. Na ce masa, ya shehi, sha shayinka, ƙarya ma tana son a bar mata wurin numfashi. Ashe ina dariya ne a kan ɗan ƙanwata, don ga ɗanki Yunus ya je Amurka ya shiga wannan wasan.

Saƙonki ya iso ta bakin Mukhtaru mai tasi, kuma bai rage komai ba. Kin ce hukuma ta tura Yunus karatun injiniyan hanya ne, ba karo ba. Kin ce tunda zai zo hajjin bana, in dube shi da idon da na yi rayuwata ina zaɓen masu ɗaukar shibriyya, gadon katakon da ake ɗora marasa ƙarfi a yi musu ɗawafi a Masallacin Harami, sannan in gaya masa ba zai iya ba, ya tattara ya dawo.

Dubawa zan duba. Amma Ɗaso, kin ba ni awo kin haɗa min da sakamako. Yaron ya rantse ba zai shiga manyan ƙungiyoyin da ke biyan albashi ba sai da albarkarki, ke kuma kin rataye albarkar a bakina. To bakin nan ya yi tsufan da ba zai koyi sabuwar sana'a ba. Abin da na gani shi zan faɗa.

Ki gaida Ramlatu, ki daina zama a kan daɓen masallaci ba shimfiɗa.

Yayanki,
Rabe


Hindawiyya, Makka
Ƙarshen Zulhajji, 1386

Zuwa ga ƙanwata Ɗaso,

Gaisuwa da fatan an yi Sallah lafiya. Yaya jiki, yaya baƙi? Mu an gama aiki, alhazai sun fara watsewa, gari ya koma warin kansa. Yunus ya ce min ya same ki kin rame, kin kuma ƙi ɗaga maganar. Ya koma makaranta shekaranjiya.

Sai da ya sunkuya kafin ya shigo ƙofata. Na ce ya bayyana min aikin nasa, ya jera dabino a faranti yana ta Kawu ga wannan, Kawu ga wancan, rabi Hausa rabi Larabci, har na cinye masa mutum biyu. Abin da na fahimta shi ne, gurbinsa tayit-en ake ce masa, yana tsayawa a ƙarshen sahu kusa da manyan ƙarti. Wani sa'in shi bango ne, ya tare mutum don ɗan'uwansa ya wuce. Wani sa'in ya zame ya ruga, a jefo masa ƙwallo ya cafe ana shirin murƙushe shi. Wato ana son kafaɗar ɗan dako da hannun unguwar zoma a jikin mutum guda. Na ce halas, shi kenan, wannan na san inda ake auna shi.

Na fara da hannu. Da hantsi na kai shi Halaƙa, babbar kasuwar kayan lambu, inda ake sauke habhab, kankana kenan in Ramlatu ta manta Larabcin Makka. Kin san yadda ake yi, na kan lori ya jefo, na ƙasa ya cafe. Mai taurin hannu kankana a ƙirjinsa take fashewa, mai sanyin hannu a ƙasa. Na raɗa wa na saman ya riƙa jefowa a karkace, wata sama, wata can gefe. Ɗaso, ba ya jira ta zo masa. Yana miƙa hannu ya tarye ta a iska, ya biyo ta baya kamar mai karɓar jariri. Aka sauke lorin nan kaf, ɗaya ce ta fashe, ita ma na ga alamar da ma ruɓaɓɓiya ce. Mai kayan, wani Bayamale, ya biyo mu har titi yana tambayar ko yaron yana neman aiki.

Sai kafaɗa. Ranar ɗawafin ifada na sa shi a gaban shibriyya, ɓangaren dama, gurbin da ban taɓa ba baƙo ba. Wata tsohuwa 'yar Jawa muka ɗora, ba ta fi buhun gero ba, amma nauyin shibriyya ba a kanta yake ba, a jama'a yake. Ni ina biye da sanda ina kallo. Kusa da Maƙamu Ibrahim wata tawagar Turkawa ta taho, sun sarƙe hannu kamar shinge, a daidai lokacin kuma na bayansa ya zame a kan ruwa. Katakon ya karkata, tsohuwar ta saki carbi ta kama salati. A raina na riga na ga ta faɗo. Yunus ya kafe ƙafa, ya ɗauki nauyin mutum biyu a ka, ya ba shingen nan kafaɗa. Bai ture su ba, bai kuma matsa ba, sai suka rabu gida biyu suka wuce kamar ruwa ya sami dutse. Tsohuwar tana sauka ta shafa masa fuska, sai da ya durƙusa sannan hannunta ya kai.

Yanzu ga aibi, don kada ki ce ya saye ni. Na farko, gudunsa tsaka-tsaki ne. Na gan shi a sa'ayi tsakanin korayen alamu, zai tsere wa mai ƙiba amma ba zai tsere wa barewa ba. Na biyu, yana tsayawa ƙyam. Ɗaukar kaya a ka ne ya koya mana haka, amma a kokawa dogon da bai rage tsawo ba shi ake fara tumɓukewa. Na nuna masa a tsakar gida, na shiga ƙarƙashinsa da tsufana na girgiza shi, ya yi ta mamaki, ni kuma na kwana ana gasa min baya. Na uku shi ne babba. Duk wanda ya buga, sai ya waiwaya ya ce afuwan ya haji. Ya ce min mai koyar da su har jifa da hula yake yi saboda wannan. Ɗan Masallacin Harami ne, an raine shi a inda ture mutum zunubi ne. Na ce masa ya riƙa tara afuwan ɗin, in an tashi wasa ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya raba musu.

Hukuncina kenan: ba zai zama na farko da za a zaɓa ba, amma duk wanda ya san aiki ba zai bar shi a ƙasa ba. Gudu ba a koyar da shi, sauran biyun kuwa ana gyarawa, hannu irin nasa kuma kyautar Allah ce. Sana'ar gajeriya ce kamar tamu, gwiwa ce ke fara sallama, shi ya sa na sa ya yi min alkawarin sai ya karɓi takardar injiniyansa tukuna.

Na san ba wannan kika aiko nema ba. Na san kuma ba karon ne ke tsorata ki ba, nisan ne. Mu ma da muka baro Katsina da ƙafa, Inna ta tsaya a bakin ƙofa tana kallonmu har muka sha kwana. Da ta ce kada mu tafi, da yau ba kya sallah a Rauda. Ki yi tunani. Yaron yana jira, kuma ba zai motsa ba.

Yayanki mai ƙaunarki,
Rabe


Hindawiyya, Makka
Zulƙida, 1387

Zuwa ga ƙanwata Ɗaso,

Bayan gaisuwa, ina fata kina lafiya, azumi ya wuce lafiya, ƙafa ta yi sauƙi. Dole in tambaya da kaina, tunda shekara ta kusa zagayowa ban ga ko yagen takarda daga gare ki ba. Na aiko da zamzam, jarkar ta dawo ba komai a ciki kuma ba gaisuwa. Ban yi fushi ba, tun kina goye haka kike.

Kin dai ji an yi zaɓen 'yan wasan a Amurka. Ashe kamar watanda suke yi, kowace ƙungiya ta ɗauki kasonta bi da bi. An kira sunan Yunus can wajen ƙarshe, lokacin da ake rabon ƙashi. Ba a ɗauke shi ba tukuna, an dai ce ya zo sansanin gwaji da rani, can ma a sake tankaɗewa. A Hindawiyya kuwa an riga an gama. Mukhtaru yana gaya wa fasinja an ba shi gida mai bene, Isa ya ce shi ya fara ba shi madara. Ni abin da ya dame ni ɗaya ne: ya kai ga ƙofa, amma na san ba zai shiga ba sai kin buɗe baki.

Sai ga wani zance daga Madina. Wai wata tsohuwa Bakatsiniya ta yanka rago, ta dafa shinkafa ta raba a unguwa. Wai ta tsaya a gaban mata ta ɗaga hannu ta ce ya je, Allah ya yi masa albarka, ya tsare masa gwiwa, ya sa ya daina ba mutane haƙuri. Wai har ta ƙara da cewa ɗanta shi kaɗai yana tare Turkawa ɗari. Ni dai ban ga ɗari ba, amma ba zan yi musu da uwa ba. Wai kuma ta ja kunnen kowa kada a gaya wa Rabe, kansa zai kumbura.

Da Mukhtaru ya faɗa na ce ɗan tasi ne. Da matar Isa ta faɗa na ce zancen gahawa ne ya bi miji gida. Amma makon jiya wata baiwar Allah ta zo umara, ta zauna a tabarmata ta sha shayi, ta rantse da ɗakin Allah cewa ita ta riƙe miki ludayi. Kada ki yi mata faɗa, ni na tsare ta da tambaya. Ɗago kai ki dube ta, ga ta nan riƙe da takardar: Malama Ramlatu ce.

Yayanki,
Rabe