Ƙofar Ribaɗinmu a Zauren Funduƙinka

Zuwa ga Mudir, manajan sabon funduƙi, wato otal ɗin da aka gina a filin tsohon ribaɗin mata na unguwar Jarwal, a nan ƙasa mai tsarki,

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, ina gaisuwa, da fatan alhazai sun cika maka ɗakuna.

Ni tsohuwa ce daga unguwar Ka'akiyya. A ribaɗin nan na girma, gidan wakafi na zawarawa da matan da guzuri ya ƙare musu. Ranar Alhamis na zo wucewa, sai na hango ƙofarmu ta katako tsaye a zaurenka, an shafe ta da mai, an haska mata fitila. Har na fara hawaye, sai na karanta allon da ke gefenta.

Na ɗaya, allon ya ce ƙofar gidan wani babban attajiri ce. Attajirar da na sani a gidan nan ita ce Inna Kande, domin tukunyarta biyu.

Na biyu, ramin da ke ƙasan ƙofar, wai hikimar masassaƙan dā ce don iska ta shiga. Masassaƙan nan ɓeraye ne, Mudir, na san su ido da ido. Baƙin tabon gefe kuwa aikina ne. Murhun gawayi na kifar ina yarinya, mahaifiyata ta yi mini dukan da har yau nake tunawa.

Na uku, da na miƙa hannu zan taɓa ta, mai gadinka ya tare ni yana tambayar lambar ɗakina. Na gaya masa ɗakina shi ne na kusa da banɗaki, mu bakwai a ciki. Ya raka ni waje.

'Yata tana aikin jinya a Ireland. Ta aiko mini hotunan wani tsohon gini da ake tara matalauta a dā ana sa su aiki. Sun gyara shi, kuma sun rubuta gaskiyar waɗanda suka kwana a ciki, ba su ƙirƙiro masa attajiri ba.

Roƙona, a gyara allon, a ambaci matan nan, yawancinsu sun rasu. In an ƙi, mu huɗu ne muka rage, muna da kujerun roba, kuma ba mai ƙaramar murya a cikinmu. Kowace la'asar za mu zo mu yi wa baƙinka bayani.

Allah ya ƙara maka kasuwa, ya ba mai gadinka haƙuri, zai buƙace shi.

Wassalam.
Hajiya Asabe, Ka'akiyya