Tekun da Baba ya gani

Daren Laraba, farkon damina

Na gama ginin randar matar nan ta Legas mai sayen randunana. Cewa ta yi ganyen ɗorawa da nake dannawa a jikin yumɓu ya ishe ta, yanzu teku take so. Ta turo min bidiyo a waya. Ni da ban taɓa ganin ruwan da ya wuce rafin ƙauyenmu ba, na yi ta kallo har caji ya ƙare. Sai na ɗauki tsinke na ja igiyoyin ruwa, layi bayan layi, na zagaye randar.

Da la'asar Baba ya fito daga ɗaki. Tun da 'yan bindiga suka tashe mu muka dawo cikin gari, magana ba ta dame shi ba. Ya tsuguna ya daɗe yana kallo.

Ya ce, "Ladi, wa ya yi miki huɗar nan? Kunyoyin gonarmu ne sak."

Na ce, "Baba, teku ne."

Kamar bai ji ba. Ya sa yatsa a ɗanyen yumɓun ya danna, ya ce, "Nan ɗorawar take. Kin manta da ita."

Ya koma ɗaki, ko tuwo bai ci ba.

Na zauna ina jiran kuka ya zo, bai zo ba. Hannuna kawai ke ciwo. Da na jiƙa yatsa na shafa, da ramin ya ɓace. Ga shi yumɓun ya fara bushewa, ni kuma ban tashi ba.